Juyayyen Kan Keken Baba Sambo

Na ji ɗayanku ɗazu yana cewa hawan keke ba sana'a ba ce, wai ko biri aka ɗora a kan sirdi zai taka feda. Ban tanka ba don bakina cike yake da goro. Yanzu na tofar, sai ku matso. Ku a kan kwalta kuke hawa, daga bakin kasuwa zuwa tasha, ku dawo kuna dariya. Ni Garba na fara cin abinci da keke tun zamanin da matan ƙauye ke yar da tulu su faɗa gona in sun hango shi tafe, kuma ban tuna ranar da na hau shi don jin daɗi ba.

Bayan yaƙin Jamus na farko ne wani kamfanin Turawa mai sayen fata da ƙirgi ya kafa rumfar kwano a nan Kalgo, ta wajen fadama. Baturen kamfanin ba ya zama, sai dai ya leƙo jefi-jefi. Wanda ke riƙe da wurin wani akawu ne baƙo, muna ce masa Mai Agogo, domin ba ya gama magana da mutum bai zaro agogo daga aljihu ya duba ba. Ni da dako na shiga. Na riga na yi aure, gonar gidanmu kuwa ba ta isar mu, sai na je ina shanya ƙiraga ina ɗaurewa ana ɗora wa jakai. Kamfanin yana da keke biyu. Ɗaya yana hannun Baba Sambo, ɗayan yana jingine a kusurwa, mai hawansa ya gudu ya bar aikin. Ban tambayi dalili ba.

Aikin mai keke shi ne ya riga kowa isa. Ƙirgi yana wajen Gwandu, a kasuwanni da rugagen Fulani, kuma ba mu kaɗai ke nemansa ba. Akwai wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, a Jega da ke aika mutanensa bisa dawaki. Wanda ya fara zuwa ya duba ƙirgi, ya yi magana da mai shi, ya shafa masa alama, to nasa ne, jakai su biyo baya su kwasa. Alamarmu jan fenti ce. Kayan aikin ke nan: gwangwanin fenti, da tsinken shafawa, da ƙafafunka.

Baba Sambo mutumin Masama ne, uwarsa Bafulatana, dogo siriri kamar karan dawa. Dako ya kai shi yaƙin Kamaru, a can wani saje ya koya masa hawa. Ranar da Mai Agogo ya haɗa ni da shi na ɗauka zan hau a take. Sai ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya kwance keken nan kaf, ya ce in mayar. Da na mayar sai ga ƙananan ƙwayoyin boris sun rage a kan buhu. Ya sake kwancewa. Haka muka yi ta yi har na iya haɗa shi ba na duban hannuna. Kayan gyaransa a fatar akuya yake naɗe su ya ɗaure ƙarƙashin sirdi: sifana mai baki biyu, da famfo, da sholisho, da guntayen roba na faci, da cokula biyu da maƙeri ya daddale masa don ɓanɓare taya. Man kaɗe muke shafa wa sarƙa. In tsidau ya cinye robar faci, sai mu cusa wa taya tsumma da ciyawa mu ci gaba, haƙoranmu na kaɗawa. Duk wannan kowane mai gyara zai koya muku. Abin da ba mai koya muku shi ne iska.

Fitata ta farko zuwa Gwandu da bazara ce. Matata ta wanke mini babbar rigata, na kafa malafa, na hau ina jin kaina. Muka nufi gabas da safe, keke yana tafiya kamar ana jansa da igiya. Na ce a raina, ashe wannan ne aikin da wani ya gudu ya bari? Ban san iskar bazara daga yamma take busowa ba, ita ce ke tura ni ta baya. Muka kwana a Gwandu, muka shafa fentinmu, washegari muka juyo. Tun daga gangaren dutse na gane an canza mini keke. Rigar nan ta cika ta yi tim kamar salka, hannayenta na faɗa da ni, malafa na neman tsinke mini wuya da igiyarta. Ina taka feda da duk ƙarfina, amma bishiyar da nake kallo ta ƙi matsowa. Baba Sambo kuwa ya yi ta ƙanƙancewa a gabana har ya ɓace.

Na same shi a gindin wata aduwa yana cin goro. Na sauka. Na ce, "Baba, keken nan nawa ya lalace. Birki ya kama."

Ya tashi ya ɗaga tayar baya ya juya ta da yatsa, ta yi ta yawo. Ya ce, "Keke lafiya lau shike. Kai ne ka ɗauko zana kana tafiya da ita a tsaye."

"Wace zana?"

"Rigarka. Da ƙirjinka. Da wagga malafa. Ka taɓa ɗauko zana a ka ranar iska?"

Na ce na taɓa.

"A tsaye ka riƙe ta ko a kwance?"

Bai jira amsa ba. Ya tuɓe mini rigar ya nannaɗe ta ya ɗaure a bayan sirdi, ya bar ni da 'yar shara. Ya ɗaure mini bakin wando da igiyar kaba, malafa ya kwantar da ita a kan rigar. Sannan ya kama ƙeyata ya danna ta ƙasa har haɓata ta kusa taɓa kan keke, ya matse mini gwiwoyin hannu a jikin haƙarƙari. Ya ce, "Haka. Ka zama ƙarami. Iska ba ta faɗa da abin da ba ta samu ba."

To ku saurara, don nan ne kuke kuskure. Na ga yadda kuke kwanciya a kan keke in kuna tsere, kuna zaton wanda ya fi sunkuyawa shi ya fi iyawa. Ni ma haka na zata a ranar, na kwanta kamar ƙadangare. Iska ta sake ni, gaskiya ne, amma kafin mu yi nisa cinyoyina suna dukan cikina, numfashi ya ƙi sauka, ƙafata ba ta miƙewa balle ta danna feda yadda ya kamata. Wuyana ya ƙage. Abin da na ƙwace daga hannun iska na mayar wa jikina. Na sake tsayawa ina haki.

Zama iri uku Baba Sambo ya koya mini. Akwai zaman tsaye, bayanka a miƙe: ƙirji a buɗe, ƙafa da ƙarfi, idonka na ganin hanya har nesa, amma iska ta same ka gaba ɗaya. Wannan na yashi ne da hawan tudu, inda tafiyar ba ta da sauri, ƙarfin ƙafa ake nema. Shi ne kuma na ranar da iska ke bayanka, har ka kwance riga ka bar ta ta yi maka aiki. Akwai zaman rabi, ka ɗan rusuna ka lanƙwasa hannu, shi ne na yini, mutum zai iya riƙe shi daga hantsi har la'asar. Sai kwanciya, wadda ake ajiyewa don fako mai tauri da iska a fuska. Ita kwanciya kamar barkono take, ba a yin tuwo da ita. Yakan ce ko ganye ba ya motsi, in ka yi gudu kai ne ka haifi iskarka, kuma in ka ƙara gudu kaɗan ita da yawa take ƙarawa. Shi ya sa mai tafiya a hankali ba ruwansa da sunkuyo, mai gaggawa kuwa ba shi da zaɓi. Mu kuma kullum masu gaggawa ne.

Wata tafiya da muka yi zuwa kasuwar Dodoru ita ce ya nuna mini ɗaya dabarar. Iska ta tsaya mana a gaba tun fitowa. Ya ce in liƙe wa tayarsa ta baya, kada in bar ratar da ta wuce taƙi. Na ji tsoro, amma na matsa. Ina shiga bayansa sai na ji kamar an rufe ƙofa. Ƙarar da ke kunnena ta ragu, feda ta yi sauƙi, har ina dakatar da ƙafa. Ya waiwayo ya ce, "Ka ga in mutane sunka shiga gamba, na gaba shi ka sha kaifi, na baya hanya ya iske. In na gaji sai in kauce ka wuce, ni kuma in huta bayanka." Da haka muke yi, shi ya fasa, ni in fasa. Mutum biyu da suka iya wannan sun fi doki a doguwar hanya, domin doki ba mai fasa masa iska, kuma dole a tsaya a ba shi ruwa. Sai dai na baya makaho ne. Ba abin da yake gani sai tayar ɗan'uwansa. Ransa yana idon na gaba.

Sai maganar kan keke. Kekunan lokacin kansu a ɗage yake, ya lanƙwaso wajen mai hawa, an yi su ne don akawu ya tafi ofis bai yamutsa rigarsa ba. In ka kwanta a kan irin wannan, hannunka na sama, kafaɗarka a maƙale, ba ka jimawa. Baba Sambo ya gano cewa in ya kwance notin ya juya kan ya kife shi, maƙallan hannu sun koma ƙasa, mutum ya kwanta bayansa a shimfiɗe. Ya kuma ɗan tura sirdi gaba ya ɗaga shi, don cinya ta daina dukan ciki. A haka kwanciyar da ba ta wuce ɗan lokaci sai ta yi nisa. Amma birkin kekunan na sandar ƙarfe ne, ba na waya ba. In ka kife kan, sandunan ba sa haɗuwa, sai ka cire su. Birkinka ya koma diddigenka a kan taya. Ba abin da iska ke bayarwa kyauta.

Ranar da Baturen ya ga keken a kife, ya yi ta faɗa da Turanci, Mai Agogo na fassarawa. Wai keken kamfani ne, ba a taɓa shi. Wai ɗan aiken kamfani ya zauna a miƙe da jar hularsa, mutane su ga na wane ne, ba ya riƙa rarrafe kamar ɓarawon kaji ba. Baba Sambo ya ce to, ranka ya daɗe. Daga nan muke fita gari a miƙe, hula a ka. Akwai wata kuka a bayan gari ta gabas, a gindinta muke tsayawa mu kife kan, mu cusa hula a aljihu. In mun dawo mu tsaya mu mayar. Mai Agogo ya sani sarai. Ya taɓa wucewa a kan jaki ya gan mu da sifana a hannu, ya kawar da kai yana duban fadama. Ƙirgi yana shigowa, me zai ce?

Haka muka yi shekaru har shekarar bushiya ta zo. Ku ba ku san bushiya ba. Ciwon shanu ne. Saniya ta fara hawaye da dalala, bakinta ya yi gyambo, zawo ya kama ta, kafin a jima ta kwanta. In ya shiga garke ba ya barin na kirki. A wannan shekara tun ƙarshen rani ya faɗo wa rugagen bayan Dalijan, ya bi burtali yana ci. Wadda aka samu da sauran rai a yanka, wadda ta riga ta mutu a feɗe kawai. Ƙirgi ya cika ƙasa. Ko'ina ka duba an kafa turaku an shanya. Ga Fulani masifa ce. Ga kamfani kuwa ba a taɓa shekara mai kyau irinta ba. Baturen da ba ya zama sai ga shi ya tare a Kalgo. Aka ƙara rumfa, aka ƙara jakai. Keke dai biyu ne, mu ma biyu ne.

Da muna fita mu huta kwana ɗaya ko biyu. Yanzu muna sauka Mai Agogo ya zaro agogo ya ce an ji labarin wata ruga ta faɗi, mahayan Kwara sun kama hanya. Mu cika gora, mu juya. Fatar cinyata ta saɓule, na riƙa ɗaura tsumma a sirdi. Yatsun Baba Sambo biyu suka mutu, ba ya jin su, da bakinsa yake kwance igiya. Kwanciyar da ya ce ba a yin tuwo da ita ta zama ita ce tuwon, safe da yamma.

Rugar Ardo Manu ba zan manta ta ba. Dangin uwar Baba Sambo ne, a da in mun je sai an dama mana fura da nono kafin a yi maganar komai. Ranar muka iske tsohon zaune a kan turmi a tsakiyar garken da babu kowa, igiyoyin maruƙa a zube. Baba Sambo ya durƙusa ya gaishe shi da Fulatanci, ya yi masa jaje. Ardo bai dube shi ba, gwangwanin da ke hannuna yake kallo.

Ya ce, "Sambo, ka san sunan da yara sunka sa muku?"

"Ban sani ba, Kawu."

"Ungulun ƙarfe. Sun ce kuna sunkuyo da kai kamar ungulu, kuma ba a ganinku sai inda anka mutu."

 Ardo ya nuna ƙiragan da hannu ya ce, "Waccan ja, uwarka ta san kakarta. Tafi ka shafa mata."

Baba Sambo ya karɓi gwangwanin daga hannuna ya shafa da kansa. A hanyar dawowa bai bar ni na fasa iska ba ko sau ɗaya.

Farkon damina aka aike mu wata ruga gaba da Dodoru. An ce mahayan Kwara sun kwana a hanya, suna gabanmu. Da azahar hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, iskarsa ta taso mana a fuska, irin wadda ke zuwa kafin ruwa tana karya rassa. Muka kwanta. Na fasa iya iyawata, ƙafata ta mutu, na koma baya. Da lokacin karɓata ya sake yi na matso, sai ya miƙo hannu ya mayar da ni. Ya san ba ni da sauran komai. Ya daɗe a gaba fiye da yadda ya kamata. Mutum in ya gaji a kwance, wuyansa ne ke fara sallamawa. Kai ya yi nauyi, ido ya sauka daga hanya ya koma kan taya.

Hanyar ta gangara cikin wani kwari. A ƙasan kwarin wani bijimi ya zo ya mutu a tsakiyar turba, ya kumbura. Da a miƙe muke, tun daga nesa za mu ga ungulaye a kan bishiya. Ni ba abin da na gani sai tayarsa ta baya ta tashi sama. Na ji ƙarar diddigensa a kan taya, amma a gangara, da wannan gudu, diddige ba birki ba ne. Ya tashi ta saman mushen ya sauka da bayansa a kan dutse. Ni na daki kekensa na faɗa cikin yashi, ban samu komai ba sai ƙujewa.

Na rarrafa wurinsa. Idonsa biyu. Ya ce, "Garba, ɗaga mini ƙafa, ta lanƙwashe." Na duba, ƙafafunsa a miƙe suke. Na taɓa su, na ce, "Ka ji?" Ya ce, "Mi?" Sannan ruwa ya sauko.

Wasu makiyaya da ke fakewa a kusa su suka taimake ni. Ba mu da gado ba mu da ƙyaure, sai suka kawo busasshen ƙirgi muka kwantar da shi a kai, muka kama kusurwa huɗu muka kai shi Masama gidan ƙanwarsa Inno. Mai ɗori ya zo ya shafa bayan, ya girgiza kai. Mahayan Kwara suka samu rugar.

Da na koma Kalgo ina tura keke biyu, ɗaya da tanƙwararriyar taya, Baturen yana tsaye a bakin rumfa. Tambayarsa ta farko keke ce. Ya zagaya shi, ya ga kan a kife, ya ga babu sandunan birki. Ya juya ga Mai Agogo ya tambaye shi ko ya san da wannan.

Mai Agogo ya ce, da Hausa don in ji, "Ban taɓa sani ba. Na sha gaya musu."

Na ce, "Malam akawu, ranar da ka wuce mu a gindin kuka fa?"

Bai fassara wannan ba. Abin da ya fassara mini shi ne hukunci: Sambo ya karya doka, ya lalata kayan kamfani, kamfani ba shi da sauran hulɗa da shi. Ni kuma an yi mini afuwa don bin na gaba na yi, amma in aka sake ganin kan keke a kife, in kama gabana. Ni aka sa na miƙe tayar, na mayar da sandunan birki, aka jingine keken Baba Sambo a kusurwa.

Na ci gaba ni kaɗai, a miƙe, da jar hula. Ba mai fasa mini iska, ni kuma ga ni kamar zana a tsaye. Duk rugar da na isa sai in tarar da alamar Kwara ta bushe a kan ƙiraga. Jakai suka fara dawowa ba kaya. Baturen ya fara yi wa Mai Agogo tsawa a gaban 'yan dako. Wata safiya ina buga famfo sai ya kira ni bayan rumfa, inda warin ƙirgi ke hana kowa zuwa.

Ya ce, "Garba, abin nan da kuke yi a gindin kuka, ka iya shi kai kaɗai?"

Na ce, "Wane abu? Ai ba ka sani ba."

"Ban sani ba. Gobe ma ba zan sani ba." Ya zaro agogo ya duba ya mayar. "Amma in ƙirgi bai shigo ba, akwai masu son keken nan. Matarka na da ciki, ko ba haka ba?"

Ranar na tsaya a gindin kuka.

In hanya ta bi da ni ta Masama nakan leƙa shi. Yana kwance a bukka a kan yashi, Inno na juya shi, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Ba ya maganar kamfani, ba ya maganar bayansa. Wata rana ya ce a turo kekena bakin ƙofa. Ya dube shi daga inda yake kwance ya ce, "Sirdinka ya yi baya. Shi ya sa kake haki." Na gyara a gabansa. Ya ce, "Kuma ka riƙa ɗaga kai. Yanzu ba ka da na gaba." Na ce to, Baba.

Damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, bushiya ta yi sauƙi amma ba ta ƙare ba. Aka ce wata babbar ruga gabas da Masama ta faɗi, ita ce ta ƙarshe mai yawa, kuma Baturen ya rantse in Kwara ya same ta zai rufe rumfar Kalgo. Na fita da asuba. Kafin in kai Masama hadari ya taso, iska ta zo mini a fuska. Na hango ƙurar dawaki biyu a gabana, ba nisa. Hanyar da ta bi ta bayan garin fako ce mai tauri, miƙaƙƙiya, na san babu rami babu dutse. Na kwanta. Na matse hannu, na sa haɓa a kan ƙarfe, iska na kuka a kunnena, ban ga komai ba sai ƙasa na gudu ƙarƙashin taya. A kan fakon nan na wuce dawakin. Na riga su isa, na shafa jan fenti har gwangwanin ya ƙare.

Da ruwa ya ɗauke na juyo a miƙe, a hankali. Na ce bari in tsaya in gaya wa Baba Sambo na wuce doki ni kaɗai. A bayan gari, dab da fakon, inda maƙabartarsu take, na ga sabon kabari an jera masa ƙaya, ruwa ya lafe ƙasar. Mijin Inno yana zaune a gefe a kan dutse. Na sauka.

Ya ce, "Da hantsi ya cika. Muna ɗauke da shi ka zo ka wuce."

Na ce, "A ina?"

"Nan. Mun kauce maka hanya da makara. Liman ya ɗaga maka hannu, ni na kira sunanka har muryata ta dushe. Rigarka ta taɓa mai ɗauka na gaba." Ya dube ni, ya dubi keken da kansa a kife. "Mutane sun ce ka gani, ka ƙi tsayawa."

Na ce ban gani ba. Ya ce shi ya yarda, amma ba shi kaɗai ne a wurin ba. Na yi wa kabarin addu'a. Na je ƙofar gida don in yi wa Inno gaisuwa, ta aiko a ce mini ta gode, ba ta fito ba. Har ta bar duniya ban sake ganin fuskarta ba.

Washegari na tsaya a gindin kuka na mayar da kan, na sa hula, na shiga Kalgo. Labarin rugar ya riga ni. Mai Agogo ya fito da fara'a har bakin rumfa, abin da bai taɓa yi ba. Na ce masa Baba Sambo ya rasu. Ya ce Allah ya jiƙansa. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce Bature ya ji daɗi ƙwarai, ya ce a gaya mini ko Sambo bai taɓa gudu irin na jiya ba.